Baƙar Riga a Kantin Lebusa

Ranar da samfurin riguna ya iso kantin Ntate Lebusa, wato Baba Lebusa, aiki ya tsaya cak tun shayin safe bai huce ba. Mai ɗinkin ya aiko su a leda ɗaya, rigunan polo masu kwala da maɓalli uku, kala-kala, kowacce da sunan kantin a ƙirji. Sebolelo ta baje su a kan teburin ofis kamar mai gwanjo. Ita ce mai kula da ma'aikata. Ita ke raba hutu, ita ke jin ƙorafi, ita ta san wanda ya makara saboda mota da wanda ya makara saboda giyar jiya. Gajeriya ce, amma in ta sa abu a gaba, ko direban tirela sai ya kauce mata.

Duk wannan hidima kishi ne ya jawo ta, ba wani abu ba. Shekara da shekaru Ntate Lebusa yana sayar da fenti da ƙusa da kwanon rufi a birnin Maseru, ma'aikatansa na zuwa aiki sanye da abin da Allah ya hore musu, bai taɓa cewa uffan ba. Kwatsam sai ga sabon kanti a tsallaken titi, ma'aikatansa duk cikin koren polo, fes-fes da su. Tun daga ranar mutumin nan bai ƙara barci mai daɗi ba. Ya ce shi ma anko zai yi wa mutanensa, kuma launin da za a hango tun daga tashar mota yake so.

"Wannan," in ji shi, ya ɗora yatsa a kan mai ruwan lemo. "Ko makaho sai ya gan mu."

Motlatsi direba na tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Ntate, in na sa wannan na tsaya gefen titi, motoci za su riƙa rage gudu, su zaci gyaran hanya ake yi."

"Kai da gudu ai gara a rage maka. Fita ka loda siminti."

Aka watse ana dariya. Sebolelo ta fara naɗe rigunan, sai mai gidan ya ce ta dakata, ta tura ƙofa. Da ta ga yana gyara alƙalumansa a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ta san maganar ba mai daɗi ba ce.

"Zancen Mamosa ne," ya ce.

Mamosa ita ce mai karɓar kuɗi a kanta ta biyu. Mijinta ya rasu watannin baya, ciwon 'yan kwanaki, ya bar ta da yara biyu. Bayan an binne shi dangin mijin suka sa mata baƙaƙen kayan takaba tun daga ɗankwali har siket, da ɗan mayafi a kafaɗa, kuma ba za ta cire ba sai sanyin baɗi. To mutanenmu kuwa, ka san su. Za su zo gaisuwa, su yi waƙar coci har murya ta dishe, su ci naman makoki har su yi guzuri. Amma su karɓi canji daga hannun mai takaba? A'a, wai hannunta da nauyi. Magini ya ce katangarsa za ta tsage, mai sayen kwano ya ce rufinsa zai yi yoyo. Sai ka ga layi ya yi tsawo a gaban Puseletso mai kanta ta ɗaya, har ya lanƙwasa ta bayan buhunan ƙusa, Mamosa kuwa tana zaune ita kaɗai, hannuwa a cinya. In wani ya yi kuskuren zuwa gabanta, sai ya rage murya, ya ajiye kuɗi a kan katako, ya jira ita ma ta ajiye masa canji.

"Da zarar riguna sun iso, duk wanda ke gaban kanta zai sa," in ji Ntate Lebusa. "Ita ba za ta sa ruwan lemo ba. Kin sani, na sani. Ta je gida ta huta, in ta cire baƙin ta dawo."

"Ta huta da albashi, Ntate?"

Ya kalli silin.

"Kujerarta fa? Za ta jira ta?"

"Kanta ba ta zama babu mutum, Mme Sebolelo," ya ce, yana kiranta Mme, wato Inna, don girmamawa.

Nan ta gane. Ashe rigar nan ba don 'yan tsallaken titi kaɗai ba ce, hanya ce ta sallamar Mamosa ba tare da bakin kowa ya furta sallama ba. Ran Sebolelo ya ɓaci ƙwarai. Amma ta daɗe da mutumin nan, ta san in ka yi masa gardama kai tsaye, ƙafa yake kafawa. Sai ta ɗauki mai ruwan lemon mafi girma, ta miƙa masa tana murmushi.

"Ka gwada ta tukuna, Ntate. Kai ne fuskar kanti."

Ya cire kwat, ya zura, suka fita wajen da ake jera madubin banɗaki na sayarwa. Ntate Lebusa mutum ne mai tumbi, Allah ya yi masa wannan kyautar babu rowa. Rigar ta kama shi tsam, ta yi sheƙi. Ya tsaya gaban madubi, ya juya hagu, ya juya dama. Tukunyar gas sak, har da ɗan wuya a sama. Puseletso ta sunkuya wai tana neman wani abu a ƙarƙashin kanta, kafaɗunta na rawa.

"Ga wata," in ji Sebolelo, ta miƙa masa baƙa mai sunan kantin da zaren ruwan lemo.

Ya sa. Kai, sai mutum ya fito. Tumbin ya koma ciki kamar an yi masa magana, sunan ya haska a ƙirji, furfurar gemunsa ma ta zama ado. Ya daɗe a gaban madubin fiye da yadda ya kamata babban mutum ya daɗe. Sannan ya koma ofis, ta bi shi.

"Kantin kayan gini gare ni ko kamfanin binne gawa?"

"Kantin kayan gini, Ntate, mai aji."

"Ƙurar siminti za ta nuna a baƙi."

"Masu siminti suna da rigar aikinsu ta sama."

Ya zauna, ya dube ta ta saman tabarau. Ba wawa ba ne, wannan kam ba wanda zai ce masa wawa.

"Don Mamosa kike yi."

"Don ita nake yi, ban ɓoye ba. In dukanmu muka zama baƙi, wa zai san hannun da zai guda? Layinka ya rabu biyu, mutane su daina gajiya suna tsallaka titi, ita ta riƙe aikinta. Ka faɗa mini wanda ya yi asara."

"Kin gama?"

"Na gama."

"Kin tambayi gidan mijinta?"

Ya cire tabarau, ya ci gaba.

"Ke kina ganin launi ne kawai? Ba ita ta sa wa kanta kayan nan ba. Uwar mijinta ce ta sa mata, da hannunta, a gaban dangi. Ba a ƙara komai a kai, ba a rage komai, sai tsohuwar ta ce. Ku 'yan birni kun ɗauka baƙi baƙi ne."

Gabanta ya faɗi, don gaskiya ko kusa tunanin bai zo mata ba. Amma Sebolelo ba ta barin a ga faɗuwar gabanta a fuska. Ta ɗage haɓa ta ce, "Wannan ka bar mini."

"Na bar miki. In tsohuwar ta yarda, baƙi. In ta ƙi, ruwan lemo, kuma ke za ki kai wa Mamosa saƙon, ba ni ba."

A lokacin cin abinci ta tara matan kantin a bayan sito, suna cin tuwon masara da ganye. Ta ce in rigar ta tabbata, tana so kowacce ta ɗaura baƙin ɗankwali, don kada na Mamosa ya fita daban.

Puseletso ta ajiye cokali. "Ausi," ta ce, wato Yaya, "mijina yana raye fa. So kike in yi masa fata?"

"Mijinki da ke kwana a mashaya ba ɗankwali ne zai kashe shi ba."

"Duk da haka nawa ne. In ya mutu ke za ki ba ni wani?"

"Ga Motlatsi nan, kyauta."

Motlatsi ya leƙo daga cikin mota, bakinsa cike da fanke. "Na ji sunana. Nawa ne sadakin?"

Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan baƙar hular ulu ga duk wadda ɗankwali ya tsorata, tun da sanyi ya kusa. Duk wannan surutu Mamosa tana gefe, kwanonta a cinya. Da aka tashi Sebolelo ta zauna kusa da ita, ta faɗa mata komai, har abin da mai gida ya ce. Ba ta sassauta ba, don a ganinta babba ba a yi masa wasa da gaskiya.

Mamosa ta daɗe tana kallon ƙasa. "Ba ni ke da ta cewa ba, Ausi."

"Na sani. Ranar Asabar za ki kai ni wajen mai ta cewar."

Ranar Asabar suka hau mota zuwa wani ƙauye bayan garin Mazenod. Sebolelo ta riƙo sukari da ganyen shayi, da sabuwar baƙar riga da ta sa mai ɗinki ya fitar mata, mai ɗan yalwa, wadda ba wanda ya taɓa sawa. A motar ma ta ga abin da idonta. Mamosa ta wuce kujerar ƙarshe ba tare da an ce mata ba, don ba mai son zama a bayan mai takaba. Sebolelo ta bi ta, ta zauna daf da ita, tana harar duk wanda ya waiwayo.

Suka tarar da tsohuwar a jikin bango tana shan rana, lulluɓe da bargo, tana ɓare masara cikin kwano. Siririya ce, idanunta ƙanana masu kaifi. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi ruwan sama, aka kawo kunun dawa mai tsami. Sai da aka sha sannan Sebolelo ta gyara zama ta fara. Tun a hanya ta tsara maganarta, ta kuwa zuba ta tsaf: aikin, yaran, dokar kamfani, da yadda aka zaɓi baƙi musamman don girmama takaba. Ita kanta ta ji daɗin yadda maganar ta fita.

Tsohuwar ba ta daina ɓare masara ba. "Ina rigar?"

Aka miƙa mata. Ta buɗe, ta shafa yadin, ta ja ɗinkin ta ga ƙarfinsa. Sai yatsanta ya tsaya a kan zaren ruwan lemo.

"Wannan fa?"

"Sunan kantin ne, Nkhono," ta ce, wato Kaka.

"Karanta mini."

"Lebusa."

"Wane ne Lebusa?"

"Mai kantin."

"Namiji ne?"

"Namiji ne."

Tsohuwar ta naɗe rigar a hankali, ta ajiye a ƙasa tsakaninsu. "Ƙasar kabarin ɗana ba ta gama zama ba, kin zo ki manna wa matarsa sunan wani namiji a ƙirji. Kuma kika ce don girmamawa."

To fa. Duk tsarin Sebolelo ya zube. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta saba ji ba. Ta ga tsohuwar ba mugunta take yi ba, ɗanta take karewa, kuma ba abin da ya rage mata na karewa sai wannan. Ta ga kanta ranar Litinin tana kai wa Mamosa saƙon sallama. Sai ta bar zancen dokar kamfani gaba ɗaya.

"Nkhono, na yi kuskure, ban hango wannan ba. Amma bari in faɗa miki abin da ban faɗa ba. 'Yarki tana wuni a gaban kanta ba mai zuwa wajenta. Mutane na ganin baƙin, su koma wani layi. Wanda ya zo, a kan katako yake ajiye mata kuɗi. Mai kanti ya gaji da biyan mai zaman banza, rigar nan kawai ya samu ya fake da ita. In ta tafi, ba za ta dawo ta tarar da kujerarta ba."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin kwano. Ta juya ga surukarta. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Mme."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Kina da naki kukan."

Kaji na tsattsagar ƙwayar da ta faɗi. Can tsohuwar ta ce, ba ta kallon kowa, "Shekarar da na sa nawa baƙin, kabeji na shuka, ya yi kyau kamar me. Na kai bakin titi. A gabana suke wucewa su saya wajen maƙwabciyata. Har ya ruɓe, na zuba wa aladu. Shi wannan da kuke wa takaba, da ruwan ganye na raine shi a shekarar." Ta kakkaɓe bargonta. "Ashe har yanzu ba su canza ba, 'yan banza."

Ta miƙe da kyar, ta ɗauki rigar, ta ce Mamosa ta biyo ta ɗaki. Sebolelo ta yunƙura za ta bi, tsohuwar ta ce, "Ke zauna nan, mai baki. Wannan ba na kamfani ba ne."

Da suka fito, Mamosa na cikin polon, kwala a tsaye, maɓalli a rufe har wuya. Mayafin kafaɗa bai ɓace ba, an naɗe shi an kwantar a ciki, ya rufe ƙirjinta a ƙarƙashin rigar. In ba ka ƙura ido ba, ba za ka gane ba.

"Baƙin ɗana ne a jikin fatarta," in ji tsohuwar. "Sunan mutumin naku ya tsaya a waje, bai taɓa ta ba. Ni na sa mata na farko, ni na ɗora wannan. Duk wanda ke da magana a dangi ya zo ya same ni. In ta dawo gida ta cire ta a bakin ƙofa. Kin ji ni?"

"Na ji, Nkhono," in ji Sebolelo.

"Kuma sukarinki ya yi kaɗan."

Ntate Lebusa bai yi gardama ba da ya ji. Ya dai ce, "Kin ci wannan," ya sa hannu aka yi oda. Rigunan suka iso daidai ƙarshen wata, lokacin da magina ke cika gari. Da safe aka buɗe ƙofa, ga ma'aikata jere cikin baƙi, mata da huluna da ɗankwali, mai gida a tsakiya yana tura ƙirji. Motlatsi ya duba hagu da dama ya ce, "Saura akwatin gawa." Sebolelo ta ce in bai rufe baki ba shi za a sa a ciki.

Tsofaffin masu saye, waɗanda suka san fuskar Mamosa, wasunsu sun bi layin Puseletso kamar kullum. Sebolelo ta lura da su ɗaya bayan ɗaya, ta adana su a ranta. Amma kantin kayan gini rabin masu shigowarsa sababbin fuskoki ne, daga ƙauyuka, daga wuraren gini, kowa na sauri. Suka shigo, suka ga mata biyu cikin riga iri ɗaya, suka nufi inda layi ya fi gajarta. Mutum ɗaya, biyu, kafin hantsi Mamosa ba ta da lokacin ɗaga kai. Sebolelo ta tsaya a ƙofar ofis, hannu a ƙugu, ta kalli mai gida. Shi kuma ya yi kamar yana duba farashin ƙusa.

Wajen tsakar rana wani ƙaton magini ya zo gaban Mamosa da gwangwanayen fenti, jikinsa duk siminti. Hannunta ya kwana biyu bai yi aiki da sauri ba, ta ɗan yi jinkiri a kan injin. Mutumin ya buga katako.

"Haba Ausi, barci kike yi? Ina da leburori suna jira na a rana. In ba ki iya ba ki tashi a sa wata."

Mamosa ta ba shi haƙuri, ta fito da canji, ta kai hannu za ta ajiye a kan katako yadda ta saba. Bai jira ba. Ya cafke hannunta, ya kwashe kuɗin daga tafinta, ya yi tsaki, ya kwashi fentinsa ya fita. Ta bi hannun nata da kallo. Sannan ta ce wa na bayansa ya yi mata minti ɗaya, ta tashi ta shige sito.

Sebolelo ta ga komai, jininta ya tafasa. Ta bi ta, ta same ta tsakanin gwangwanayen fenti, ta jingina da bango, hawaye na zuba.

"Bari in cim masa kafin ya tada mota. Yau sai ya san wadda ya taɓa."

Mamosa ta riƙe mata riga. "Ƙyale shi, Ausi."

"In ƙyale shi? Kin ji abin da ya ce miki?"

"Na ji." Ta yi wata 'yar dariya cikin kukan. "Tun ranar da aka binne baban Mosa, mijina, ba wanda ya yi mini tsawa. Kowa raɗa yake mini, kamar ni ce gawar. Kuma in ban da 'ya'yana da tsohuwa, ba wanda ya taɓa hannun nan sai wannan mara kunyar."

Sebolelo ta dafa kafaɗarta. Idonta ita ma ya cika.

Mamosa ta goge fuska da bayan hannu, ta shafa ƙirjinta ta tabbatar mayafin na nan a ciki, ta gyara kwala.

"Bari in koma," ta ce. "Mutane na jira na."